King Ranch na Texas: shinge ne ya riƙe shi shekara 170, ko da wani abu a ƙasa?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk lokacin da aka tayar da maganar killace shanu, sai wani ya ce a yi yadda Amurka ta yi. To ga ɗaya daga cikin manyan gandayen kiwon Amurkar, mu dube shi da kyau. King Ranch, a kudancin jihar Texas. Faɗinsa eka 825,000, kusan murabba'in kilomita 3,340, saura kaɗan ya kamo jihar Legas. An kafa shi a 1853, kuma har gobe yana hannun zuri'ar wanda ya kafa shi.

Wanda ya kafa shin, Richard King, ba makiyayi ba ne, ɗan makiyayi ma ba shi ba ne. A birnin New York aka haife shi a 1824, iyayensa talakawa ne 'yan asalin Ireland. Aka kai shi koyon aiki wurin maƙerin zinariya, yana da shekara 11 ya gudu ya ɓuya a cikin jirgin ruwa. A kan ruwa ya girma, har ya zama matuƙin jirgi a kogin Rio Grande, inda shi da amininsa Mifflin Kenedy suka kame harkar sufuri. A 1852 ya hau doki daga Brownsville zuwa Corpus Christi, ya ratsa wani daji da babu komai sai ƙaya da dawakan jeji, ya tarar da ruwa a rafin Santa Gertrudis. Da shekara ta zagayo sai ya sayi eka 15,500 a bakin rafin a kan dala 300, da haɗin gwiwar wani Gideon Lewis.

Abin da nake so mu tattauna: ni a ganina ba shinge ne ya raya wannan gandu ba. Wanda duk ya ɗauka waya mai ƙaya ce sirrin, bai bi tarihin ba.

Ɗan Sarki Kurna:
Dala 300?? Malam wannan ai ko akuyar Sallah ta kusa kamo shi 😂

Barista Ummi:
Ƙanena kar ka yi dariya, nan ne gizo ke saƙar. Ka tambayi abin da ya sa ƙasa ta yi araha haka. Yankin da ke tsakanin kogin Nueces da Rio Grande a da na Meziko ne. An yi yaƙi daga 1846 zuwa 1848, Amurka ta ci, yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta tabbatar mata da wurin. Iyalan Meziko da ke riƙe da takardun filayen tun zamanin Sifaniyawa da yawansu sun bar wurin saboda rashin tsaro. Magadan wani Juan Mendiola ne suka sayar wa King filin farko. A 1854 ya ƙara eka 53,000 a kan dala 1,800. Ciniki ne a takarda, ban musa ba. Amma cinikin da aka yi da wanda aka ci da yaƙi, kotun ba tasa ba, harshen kotun ba nasa ba, ku ku sa masa suna.

Abu Hafsat:
Barista ban ƙi taki ba. Amma a yi masa adalci: an san King da biyan kowane magaji da ya fito da hujja, wani fili ma sau da yawa ya biya shi don kar a bar ƙofar rigima.

Barista Ummi:
Malam mai kuɗi ne ke iya sayen fili ɗaya sau uku. Kuma rigimar ba ta mutu da shi ba. Jikokin wani abokin kasuwancinsa, Manjo William Chapman, sun ja shari'a a kan rabon kakansu har sai da kotun ƙolin Texas ta yanke a 2003, ta ba gandun gaskiya. Shekara 150 bayan sayen filin farko.

Arɗo Buba:
Salamu alaikum. Yarona ne ke rubuta min. Tambaya ɗaya gare ni. Mutumin da kuka ce a jirgin ruwa ya tashi, wa ya koya masa kiwo? Saniya ba ta jin Turanci. Wa ke tashi da asuba, wa ke sanin wadda za ta haihu, wa ke gane ciwo tun daga yadda dabba ta tsaya?

Abu Hafsat:
Baba Arɗo, Allah ya ja da ranka, kai ka taɓo inda nake son zuwa. A 1854 King ya ƙetara Meziko, wani ƙauye da ake kira Cruillas a jihar Tamaulipas. Ana cikin fari mai tsanani, mutanen suka sayar masa da shanunsu kaf. Ya kamo hanya, sai ya lura ya bar gari guda babu abin yi, shi kuma ga shanu babu masu kiwo. Ya koma ya ce su biyo shi, zai ba su muhalli da aiki. Mutum ɗari da wani abu suka ɗaure kaya suka biyo garken, maza da mata da yara. Su ake kira Kineños, mutanen King, kuma jikokin jikokinsu na aiki a gandun har yanzu. Hawan doki da igiyar kamun sa da lambar wuta da ake yi wa dabba, duk daga makiyayan Meziko aka gaje su. Kaboyin da muke gani a fim almajirinsu ne.

Arɗo Buba:
To ka gani. Ashe bai kori makiyaya ba, ɗauko su ya yi da iyalansu. Nan kuwa in an ce za a yi gandu, mu ake fara cewa mu tashi.

Bahaushen Houston:
Baba gaskiya ne, amma kar mu zuzuta. Na taɓa zuwa yawon da suke kai baƙi daga Kingsville, garin da ke jikin gandun, mota ce ke zagayawa da mutane, masu jagora kuma cikin alfahari suke ba da labarin Kineños. An ba su gida da makaranta a cikin gandu, ana riƙe tsoho har ya mutu. Sai dai fa ko eka ɗaya ba tasu ba ce. Shanun kakanninsu aka saye, suka koma 'yan albashi, zuriya bayan zuriya. Baba Arɗo za ka yarda ka sayar da garkenka ka dawo kana yi wa wani kiwo ana biyanka a wata?

Arɗo Buba:
Allah ya sawwaƙe. Bafillacen da ba shi da saniya tasa ai bawa ne ko da an ba shi gidan bene.

Malama Rabi Funtua:
Amma kar a manta makarantar nan ta yi rana. Lauro Cavazos a cikin gandun aka haife shi a 1927, mahaifinsa shugaban ma'aikata ne a sashen Santa Gertrudis. Shi ya zama sakataren ilimi na Amurka a 1988, ɗan asalin Latin na farko da ya shiga majalisar ministocin ƙasar. Ƙanensa Richard Cavazos ya kai janar mai tauraro huɗu. 'Ya'yan makiyaya ke nan.

Kuma ina da ƙorafi a kanku maza. Tun ɗazu King, King. Mutumin ya rasu a 1885 a wani otal a San Antonio, shekara 32 kacal ya yi da gandun. Ya bar eka 600,000 da ɗoriya, ya kuma bar bashin kusan dala 500,000. Matarsa Henrietta, 'yar wani limamin coci daga Brownsville, ita ta riƙe shekara 40, har 1925. Ta biya bashin, ta kusa ninka filin, ya haura eka miliyan ɗaya. Da aka zo shimfiɗa layin dogo a 1904 ita ta ba da filin da aka kafa garin Kingsville, ta sa sharaɗi a takardun filaye cewa ba za a sayar da giya ba. Sunan wa ya kamata gandun nan ya ɗauka?

Ɗan Sarki Kurna:
Anti Rabi ta zo da zafinta. Ashe har a Texas an yi Hisba 😂

Barista Ummi:
Yaya Rabi kin biya ni. Sai dai a ƙara da surukinta Robert Kleberg, lauya ne, ya auri 'yarsu Alice a 1886, shi ke gudanar da aikin yau da kullum. Ana ba da labarin cewa kayar da King ya yi a kotu, King ya ce wannan yaron gara ya zama nawa.

Alhaji Mai Tireloli:
Ku bar zancen tarihi haka nan. Ni ɗan kasuwa ne. Mutum ya kewaye filinsa, ya hana dabbar wani shiga, ya san adadin shanunsa, ya ci riba. Shi ke nan. Malam Abu kana ta kewaye-kewaye don kar ka ce shinge ya yi amfani.

Abu Hafsat:
Alhaji ban ce bai yi amfani ba. King da Kenedy na cikin na farkon da suka kewaye filaye a kudancin Texas, bayan sun raba jari a 1868. Amma dubi inda kuɗin ya fito. Na farko jiragen ruwa. Na biyu yaƙin basasar Amurka: King ya goyi bayan 'yan Kudu masu riƙe da bayi, ya yi ta fitar musu da auduga ta Matamoros a Meziko don a kauce wa takunkumin da 'yan Arewa suka sa wa tashoshin ruwa. Saboda haka ne sojojin Arewa suka kai wa gidansa hari a Disamban 1863, shi ya riga ya tsere, suka harbe wani ma'aikacinsa Francisco Alvarado a bakin ƙofa. Bayan yaƙi sai da ya nemi afuwar shugaba Andrew Johnson.

Na uku kuma, abin zai ba ka mamaki Alhaji, kora shanu a ƙasa. Daga 1869 zuwa 1884 gandun ya tura shanu sama da 100,000 da ƙafa zuwa tashoshin jirgin ƙasa na arewa, irin su na Kansas, tafiyar watanni a kan burtali, suna ci suna tafiya a filin da ba na kowa ba. Wato da yawon kiwo aka tara jarin da aka yi shingen.

Alhaji Mai Tireloli:
To amma ai sun daina. Mu kuma muna nan muna yi a 2020 da wani abu.

Abu Hafsat:
Sun daina da jirgin ƙasa ya zo ƙofar gida da kuma ruwa ya samu. Ba doka ce kaɗai ta tsayar da su ba.

Dokta Nasiru Vet:
Bari in shigo a nan, don fannina ne. Dabba ba ta zama wuri ɗaya sai an cika mata abu uku: ruwa, ci, lafiya. Kleberg ya yi shekaru yana neman ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai a 1899 suka fasa rijiya mai zurfi da ruwa ke bulbulowa da kansa. Wannan rijiyar ta fi kowane shinge muhimmanci a tarihin wurin, don kafin ita fari kan kashe shanu dubbai. Sai kaska. Zazzaɓin da kaska ke sa wa shanu ya addabi Texas har jihohin arewa suka riƙa hana shanunta shiga, kuma gandun na cikin na farkon da suka gina kwamin wanka, a tura dabba ta yi iyo cikin ruwan magani ta fito.

Amma aikin da ya fi burge ni shi ne na iri. Shanun farko masu dogon ƙaho ne, suna jure wahala amma ba nama. Aka kawo na Ingila, Shorthorn, masu nama, zafi da kaska suka hana su sakat. Sai aka fara barbararsu da Brahman, masu tozo, waɗanda asalinsu Indiya ne. A 1920 aka haifi wani jan maraƙi da aka sa wa suna Monkey saboda wasansa. Bob Kleberg, jikan King, ya ga 'ya'yansa duk suna ɗauko shi, ya ɗora dukkan aikin a kansa. A 1940 gwamnatin Amurka ta amince da Santa Gertrudis a matsayin sabon iri, na farko na shanun nama da aka samar a ƙasar: kashi 5 cikin 8 Shorthorn, kashi 3 cikin 8 Brahman. Shekara 20 daga haihuwar bijimin zuwa amincewa, ana rubuta wace ta haifi wane, nawa ya yi a sikeli.

Arɗo Buba:
Likita, masu tozon nan ai dangin namu ne. Bunaji, Rahaji, Gudali. Ashe sai da suka nemi jinin mai tozo kafin saniyarsu ta iya zama a rana.

Dokta Nasiru Vet:
Haka ne Baba, tushensu ɗaya, duk zebu ne. Shi ya sa nake jin haushi in na ga mutum ya kashe miliyoyi ya sayo saniyar ƙasar sanyi ya ɗaure a Gusau. Ku Fulani ma kuna da ilimin zaɓen bijimi, a ka yake ba a littafi ba, bambancin ke nan.

Ɗan Maraɗi:
Likita mu ma a Nijar muna da Tukunus, wajen Filinge, inda aka daɗe ana gyara irin Azawak. Aikin na da kyau, amma na gwamnati ne, kuɗi ya zo a yi, kuɗi ya yanke a tsaya. Su can gida ɗaya ne ya riƙe abin ba yankewa. Sannan itacen da ke cinye musu makiyaya, wanda suke kira meskit, ɗan uwan ƙirya ne, kuma wani danginsa da aka shigo da shi don tare hamada ya zame wa mutane alaƙaƙai a wajen Tafkin Chadi da Sudan. Su sai da suka ƙera garma ta musamman mai tumɓuke shi daga saiwa.

Mai Ingarma:
Jama'a an yi ta shanu an bar dawaki, alhali rabin sunan gandun nan a kan doki aka yi shi. A 1915 suka sayi wani jan dukushi daga hannun George Clegg, aka riƙa kiransa Old Sorrel. Bob Kleberg ya ce bai taɓa hawa dokin aikin shanu kamarsa ba, sai ya yi masa irin abin da ya yi wa Monkey, ana mayar da jininsa cikin zuri'arsa. Jikansa Wimpy shi aka ba lamba ta 1 a rajistar dawakin Quarter Horse a 1941. Dawaki ne gajeru masu faɗin ƙirji, aikinsu su shiga garke su ware saniya ɗaya su hana ta komawa, mahayi ma sakin linzami yake yi, dokin ne ke karanta saniyar.

Sai na sukuwa. Assault, yana ɗan ƙarami ya taka wani tsinin turke ya lalata kofatonsa na gaba, har ya girma yana ɗingishi in yana tafiya. Amma in ya zabura babu mai ganin ƙurarsa. A 1946 ya cinye manyan tsere uku na Amurka a shekara ɗaya, Kentucky Derby da Preakness da Belmont. Har yau shi kaɗai ne haifaffen Texas da ya yi haka. Abin tausayi, da aka kai shi barbara sai aka tarar ba ya haihuwa. A 1950 wani dokinsu Middleground ya sake cin Derby da Belmont.

Ɗan Sarki Kurna:
Kawu da a nan ne da tuni an sayar da gurgun dokin nan wa mai amalanke.

Mai Ingarma:
Ɗana ai ba a sayen doki da ido kaɗai, uwa da uba ake tambaya. Ubansa Bold Venture shi ma ya ci Derby a 1936.

Barista Ummi:
Duk kun yi kusa amma ba ku faɗi abin da ya hana gandun watsewa ba. Da Henrietta ta rasu a 1925, ga harajin gado, ga magada da yawa, ga karyewar tattalin arziki ta biyo baya a 1929. Ta bar wasiyya a riƙe dukiyar a dunƙule shekara 10 kafin a raba. Duk da haka bashi ya kusa cinye su. Abin da ya cece su ba sa ba ne, ba doki ba ne: a 1933 suka ba kamfanin Humble Oil, wanda daga baya ya zama Exxon, hayar haƙar mai a filin, kamfanin ya ba su rancen sama da dala miliyan 3. A 1934 reshen Kleberg suka mayar da nasu kason kamfani, kowane magaji ya riƙe hannun jari maimakon yanki na ƙasa. Sai ga mai da gas sun fito, musamman daga 1945. Da wannan kuɗin aka yi sukuwa, da shi aka buɗe gandaye a Kyuba da Ostireliya da Brazil da Ajantina da Venezuela da Sifen, har da Maroko. Na Kyuba Castro ya ƙwace bayan juyin 1959, sauran kuma aka sayar daga baya.

Alhaji Mai Tireloli:
To wannan ita ce magana. Ashe rijiyar mai ce ke ciyar da shanun. Malam Abu da ka faɗi haka tun farko da ban ja da kai ba.

Ustaz Kabiru Zariya:
Barista ina so a yi hattara da maganar gado, kar wani ya karanta ya ce rabon gado ne ke kashe dukiya. Rabo farilla ne, kuma wasiyyar da za ta hana magaji haƙƙinsa ba ta da gurbi a wurinmu. Amma babu inda aka ce dole sai an sa igiya an yanka gona gida goma. In an ƙididdige kowa ya san kasonsa, magada baligai suka yarda da kansu su bar dukiyar a haɗe ana raba riba gwargwadon kaso, wannan tarayya ce halattacciya. Wanda ya ce a ba shi nasa, a kimanta a biya shi. Matsalarmu amana ce, babban wa ya riƙe ya hana ƙanne da mata, shi ya sa kowa ke cewa a yanka min nawa in gani a ƙasa.

Malama Rabi Funtua:
Ustaz Allah ya saka da alheri, musamman da ka ambaci mata. Mu aka fi yi wa wannan.

Bahaushen Houston:
Su ma fa ba lafiya lau suka zauna ba. Bayan rasuwar Bob Kleberg a 1974 an yi ta ja-in-ja a cikin dangi, wasu aka biya su suka fita. Daga baya suka ɗauko shugabanni daga waje, a 1998 ma aka sauke Tio Kleberg, ɗan gidan da ke kula da shanun. Yau kamfanin na noman auduga da dawa a Texas, lemo da rake a Florida, ana biyansu kuɗi a yi farautar barewa da tsuntsaye a dajin, har da wani gwanki na Indiya da suka shigo da shi. Suna da shagon sirdi da kayan fata. Tun 2001 kamfanin Ford ke fitar da motoci masu sunan King Ranch, da lambar nan tasu mai kama da W a jikin kujera, wadda aka yi wa rajista a 1869. A titin Houston za ka ga wanda bai taɓa shafa saniya ba yana tuƙa ta.

Arɗo Buba:
To ni abin da na ji: fili ya samu a araha bayan yaƙi, ruwa ya samu, jirgi ya zo, mai ya fito. Mu dokar makiyaya ta 1965 ta ware mana wurare a Arewa, yau ku je ku duba nawa ne ba a nome ba, nawa ne ke da ruwa. A ba ni rijiya da likita da takardar da ba za a tashe ni ba, ku ga in zan ƙara taka Binuwai.

Alhaji Mai Tireloli:
Baba Arɗo in an ba ka, za ka yarda a ƙirga shanunka a rubuta?

Arɗo Buba:
Alhaji wanda ya ƙirga na kakana jangali ya karɓa. Ka fara haƙa rijiyar tukuna, sai mu yi maganar ƙirga.

Ɗan Maraɗi:
Likita tambaya kafin a watse: Santa Gertrudis ɗin nan za ta yi a wajenmu kuwa, ko a haɗa ta da Azawak?

Dokta Nasiru Vet:
Zafi za ta jure. Abin da ba za ta jure ba shi ne watan Afrilu babu harawa babu dusa, don babbar dabba ce, cinta da yawa. Kuma ta nama ce, kai kuma na san nono kake nema. Ka turo min hoton shanun naka ta akwati da abin da kake ba su da rani, sai mu duba.